Babi na Bakwai: Tsohon Keken Ɗinki, Gyaransa da Haɗa Bargo a Arewacin Kaduna

Daga cikin injunan da suka shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, kaɗan ne suka samu gindin zama a cikin gidaje kamar keken ɗinki, kuma kaɗan ne suka yi tsawon rai irin nasa, domin a unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, tun daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi har zuwa Unguwar Shanu, Badarawa da Kawo, ana samun kekunan da suka girmi masu su amma har yau suna fitar da ɗinki miƙaƙƙe mai ƙarko. Kekunan iri uku ne a taƙaice. Akwai keken ƙafa, wanda ake kafa kansa a kan teburi mai ƙafafun ƙarfe ana taka shi, akwai keken hannu, wanda kai ne kawai a kan ɗan akwatin katako ana juya shi da mariƙi, sannan akwai ƙaramin keken lantarki mai jaka, wanda ya fi sauran ƙaranci a garin. Wannan babi ya fi karkata ga biyun ƙarshe, wato waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya kai inda aiki yake, kuma abin da yake son tabbatarwa shi ne cewa darajar waɗannan kekuna tana cikin sauƙin fahimtarsu, ta yadda mai keke da kansa zai iya gane ciwon kekensa ya magance mafi yawansa ba tare da ya fita ƙofar gida ba.

Asalin wannan sauƙi yana cikin tarihin ƙirar. A 1846 Elias Howe ya yi rajistar injin da ke ɗinki da zare biyu a Amurka, a 1851 kuma Isaac Singer ya yi rajistar nasa, wanda kamfaninsa ya yaɗa a duniya. Ɗinkin zare biyu yana nufin zaren sama, wanda ke bi ta kafar allura, yana sarƙewa da zaren ƙasa, wanda ke naɗe a jikin kwarkwaro, wato ɗan ƙarfen da ake sakawa cikin ƙoshiya a ƙarƙashin faranti, sai ƙullinsu ya ɓuya a tsakiyar yadi. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Singer ya fito da ƙirar da aka sani da lamba 15, kuma babbar masana'antarsa ta Clydebank a Sikotland, wadda ta yi aiki daga shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980, ta ƙera ta da yawan gaske don kasuwannin ƙasashen da Ingila ke mulka. Harafin K da ake gani bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, alama ce ta wannan masana'anta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwayi ƙirar, haka ma na Indiya da na Sin, inda aka ƙera Butterfly a Shanghai, wanda ya zama keken da telolin Nijeriya suka fi sani. Sakamakon wannan kwaikwayo ya amfani talaka fiye da yadda kowa ya tsara, domin allura da kwarkwaro da ƙoshiya da sauran sassa da dama na sabon Butterfly suna shiga jikin tsohon Singer mai lamba 15, don haka keken da aka daina ƙerawa shekaru da dama bai rasa kayan gyara ba.

Kaduna gari ne da ya tashi tare da layin dogo, ya zama hedkwatar Arewa a 1917 bayan an baro Zungeru, kuma kayan kanti suna isowa cikinsa cikin sauƙi tun farkon kafuwarsa. Daga baya ya zama cibiyar masaƙa, inda aka buɗe Kaduna Textiles Limited a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960. Masaƙun suna kudancin kogi, amma yadin da suka saƙa yana ƙetaro gada zuwa babbar kasuwar da yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da kuma Kasuwar Barci a Tudun Wada, wadda ta yi suna wajen teloli da 'yan gwanjo kafin a rushe ta a 2020 domin sake gini. Rufe Kaduna Textiles a 2002, da durƙushewar sauran masaƙun a shekarun da suka biyo baya, ya canza inda yadi ke fitowa, amma bai rage buƙatar ɗinki ba. A gefen shagunan teloli akwai matan aure da ke ɗinki a cikin gida, waɗanda sau da yawa kekensu yana cikin kayan ɗakin da aka kawo su da shi, akwai kuma telolin yawo, masu saɓa keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi don masu yagaggen kaya su ji wucewarsu. Kan keken baƙin ƙarfe ya haura kilo goma, saboda haka wanda ke yini da shi a kafaɗa daga Unguwar Rimi zuwa Malali ya cancanci a lissafa shi cikin masu sana'a mai wuya, ko da yake abin da ake biyansa kan faci ɗaya bai taka kara ya karya ba.

Matsalar nauyi ce ta sa kamfanin Singer ya fito da ƙaramin keke mai lamba 221, wanda aka fi sani da Featherweight, a 1933, aka kuma ci gaba da ƙera shi har cikin shekarun 1960. An yi jikinsa da alminiyam maimakon baƙin ƙarfe, nauyinsa kimanin kilo biyar ne, yana da ɗan injin lantarki da fitila da baƙar jaka mai mariƙi, kuma ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, gaba da baya. A Amurka da Ingila masu haɗa barguna suna ji da shi ƙwarai, suna sayensa da tsada saboda kyan ɗinkinsa da sauƙin ɗaukarsa zuwa wuraren da suke taruwa. A Kaduna ba kasafai ake ganinsa ba, sai dai jefi-jefi cikin kayan da aka shigo da su na hannu, kuma wanda ya ci karo da shi yana bukatar ya san abubuwa biyu kafin ya jona shi. Na farko, wanda aka ƙera don Amurka yana aiki da wuta mai ƙarfin 110, alhali wutar Nijeriya 230 ce, don haka jona shi kai tsaye ba tare da taransfoma mai rage wuta ba yana ƙone injin nan take. Na biyu, kwarkwaronsa da ƙoshiyarsa nasa ne na musamman, na Butterfly ba sa shiga, don haka keken da ya zo babu ƙoshiya rabin keke ne. Ga mai aiki a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, tsohon keken hannu ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Masu sayar da tsofaffin kekuna sukan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai gaskiya a maganar, domin ƙarfen tsofaffin kekuna ya fi na sababbi da yawa inganci da daidaito. Sai dai tsufa shi kaɗai ba shaida ba ne. Mai saye ya fara juya dabarar hannun, wato ƙafar da ke gefen dama, zuwa wajen jikinsa a hankali, ya ji ko tana tafiya sumul ko tana cijewa a wuri guda; ya kama sandar allura ya girgiza ta, domin idan tana lilo hagu da dama ta riga ta ci, kuma ɗinkinta ba zai taɓa miƙewa ba; ya kifa kan keken ya duba ƙarƙashinsa ko akwai tsagewa ko walda, domin ƙarfen zubi idan ya faɗi tsagewa yake yi, waldarsa kuma ba ta cika riƙewa ba. Fenti da zanen zinariya su ne na ƙarshe da za a duba, tun da ana iya sabunta su a ɓoye lalacewa. Gwaji mafi inganci shi ne mai saye ya zo da ƙyallensa, ɗaya marar kauri ɗaya mai kauri ninki huɗu, ya ɗinka da hannunsa ya duba gaba da baya.

Fahimtar cututtukan keke tana farawa daga sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin faranti cikin ƙiftawar ido. Allura tana sauka da zare har ƙasa, tana fara ɗagowa kimanin milimita biyu sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a gefenta, a daidai wannan lokaci ƙugiya, wato ƙarfe mai tsini da ke kewaye ƙoshiya, tana ɗaukar lanƙwasar ta zagaya da ita bayan zaren ƙasa, sannan hannun da ke sama da ƙasa a fuskar keken ya janye ragowar zaren ya ɗaure ƙullin. Duk abin da ya hana lanƙwasar samuwa, ko ya hana ƙugiya kama ta, yana haifar da tsallake, wato wurin da allura ta huda amma ɗinki bai kama ba. Mafi yawan tsallake daga allura yake, ko dai ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko ba a tura ta har ƙarshen ramin ba, ko kuma an saka ta a juye. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, da doguwar kwari a ɗaya gefen, kuma ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce zare yana shiga kafa ne daga gefen doguwar kwarin. A Butterfly da tsofaffin 15K shafaffen gefen yana kallon dama, ana zura zare daga hagu. A Featherweight yana kallon hagu, ana zurawa daga dama. Teloli da yawa sun biya kuɗin gyara a kan keken da lafiyarsa ƙalau saboda rashin sanin wannan bambanci.

Cuta ta biyu da ta fi yawa ita ce cukurkuɗewar zare a bayan yadi, kuma a nan ne ido ke yaudarar mai keke, domin ganin tarin zare a ƙasa yana sa a zargi ƙoshiya, a ɗauko sukundireba a fara murɗa ɗan sukurun da ke jikinta. Zaren da ya taru a ƙasa kuwa na sama ne, wanda ya yi sako-sako saboda bai shiga tsakanin faifan nan biyu masu matse shi ba, ko kuma ya kuɓuce daga hannun da ke janye shi. Faifan suna buɗewa ne kawai idan an ɗaga 'yar ƙafar ƙarfen da ke danne yadi, don haka duk wanda ya zura zare alhali ƙafar tana ƙasa ya bar zaren yana yawo a bakin faifai. Maganin shi ne a zare zaren gaba ɗaya, a ɗaga ƙafar, a sake zurawa daga farko, sannan a gwada da zare mai launi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, don a ga wanda ke leƙowa a gefen ɗan'uwansa. Idan na ƙasa yana fitowa sama, matsin sama ya yi yawa. Idan na sama yana fitowa ƙasa, ya yi kaɗan. Sukurun ƙoshiya ba a taɓa shi sai bayan duk wannan ya gaza, kuma ko a lokacin kwatan zagaye ake murɗawa, a kan tire ko farin ƙyalle, domin ƙanƙantarsa ta sa idan ya faɗi ƙasa da wuya a same shi.

Tsinkewar zare da karyewar allura ba su bukatar dogon bayani. Zare yana tsinkewa idan ya tsufa ya bushe, ko ya fi ƙarfin kafar allura, ko kuma akwai ƙarzo a bakin ramin faranti inda wata allura ta taɓa sara. Allura kuma tana karyewa idan mai ɗinki yana jan yadi da ƙarfi maimakon ya bar haƙoran da ke ƙarƙashi su tafi da shi. Lamba 14 ta dace da atamfa da shadda, 16 da yadi mai kauri, 18 da jins da tamfol.

Yanayin Kaduna yana yi wa keke illa ta fuska biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa shawarar da aka rubuta don ƙasashen sanyi ba ta wadatar ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi wadda ke shiga kowace kafa, ta haɗu da mai da burbushin yadi ta zama dunƙule mai cin ƙarfe a hankali, daga Mayu zuwa Oktoba kuma danshin damina yana kawo tsatsa ga duk ƙarfen da aka bari babu mai. Keken da ke aiki kullum yana bukatar a cire faranti a share tsakanin haƙora da gidan ƙoshiya da ɗan buroshi, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowane rami da kowace gaɓa mai motsi, har da inda ƙugiya ke gogar mazauninta, sannan a rufe shi da mayafi idan an tashi. Man keke fari ne mai ruwa-ruwa, kuma babu abin da ke maye gurbinsa: man gyaɗa da manja suna daskarewa su zama danƙo, baƙin man mota kuma ya yi kauri yana ɓata yadi. Keken da ya daɗe a ajiye har ya ƙi juyawa galibi tsohon mai ne ya kama shi, kuma kananzir yana narkar da shi idan an ɗiga an bari ya kwana, amma kananzir wanki kawai yake yi, dole a bi shi da mai. Ƙaramin injin lantarki na Featherweight kuwa giris yake sha a 'yan bututunsa, mai yana lalata shi.

Akwai iyakar da mai keke ya kamata ya tsaya. Idan an sa sabuwar allura daidai, an sake zura zare, an share an sa mai, amma tsallake bai daina ba, to saitin ya goce, wato tsinin ƙugiya ba ya isowa bayan allura a lokacin da ya dace, kuma wannan aikin mai gyaran keke ne. Masu wannan sana'a suna nan a kewayen manyan kasuwanni, kuma a Panteka, inda maƙera da masu walda da masu sayar da tsofaffin ƙarafa suka taru, ana iya ƙera mariƙi ko gyara ƙafar teburi. Abin damuwa shi ne yawancin ƙwararrun masu gyaran dattawa ne, samari kuma sun fi karkata ga manyan injunan lantarki na masana'anta da na aikin ado.

Aikin da ya fi dacewa da irin wannan keke, wanda kuma aka fi sakaci da shi a garin, shi ne haɗa bargo mai ninki uku, wato a jera fuska ta sama, da abin cushe a tsakiya, da shafi a ƙasa, a bi su da layukan ɗinki har su zama abu ɗaya. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lifidi, rigar kariya ta doki da mahayinsa wadda ake cusa wa auduga a ɗinke layi-layi, yana kan wannan ƙa'ida, kuma tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji a wajen ƙarshen ƙarni na 14. 'Yan lifida suna fitowa a hawan Sallah na manyan masarautu har yau, kuma mutanen Kaduna sun ga mahayan masarautun Arewa a hawan daba na 1956 da aka yi wa Sarauniya Elizabeth, da kuma na bikin FESTAC a 1977. Masu katifar audugar rimi ma suna tsaga ɗinki a jikin katifa don kada audugar ta taru gefe guda. Abin da bai yaɗu ba shi ne amfani da ƙyallayen da ke zubewa a ƙarƙashin teburin tela wajen haɗa fuskar bargo, alhali a watan azumi, lokacin ɗinkin Sallah, buhu-buhu ake kwashe su a zubar ko a ƙone, a garin da daren Disamba da Janairu ke sa iyaye neman abin da za su lulluɓa wa yara.

Haɗa fuskar yana bukatar daidaito fiye da ƙarfi, kuma a nan ne ɗinkin tsohon keke ke nuna fifikonsa. Ana zaɓen ƙyallaye masu nauyi iri ɗaya, atamfa da atamfa, shadda da shadda, domin yadin auduga da na roba ba sa tsukewa daidai a wanki. Ana wanke su tun kafin yanka don a gane mai zuba a ware shi, a goge, sannan a yanka su da ma'auni ɗaya na kwali, murabba'i ko dogaye. Ratar da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle kimanin milimita shida ce, kuma dole ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, domin kuskuren milimita ɗaya a kowace haɗa yana taruwa ya zama yatsa biyu a ƙarshen layi mai ƙyalle ashirin. Manna ɗan tef a kan faranti a daidai wannan rata yana ba ido abin bi. Abin cushewa kuwa, audugar rimi ba ta dace da bargon da za a riƙa wankewa ba saboda tana dunƙulewa, tsohon bargon gwanjo marar kauri ko shimfiɗaɗɗiyar audugar roba sun fi ta, shafi kuma akoko ko tsohon zanen gado ya wadatar.

Wahalar tana zuwa ne wajen ɗinke ninki ukun, saboda haƙoran keke ninkin ƙasa kawai suke ja, ƙafar da ke danne yadi kuma tana tura na sama gaba, sai a wayi gari fuska ta tattare ta yi ƙundu. Ana rage wannan ta hanyar kama ninkin uku da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, layi-layi, tazarar tafin hannu tsakaninsu, a sassauta sukurun da ke saman keken wanda ke ƙara wa ƙafar nauyi, a tsawaita ɗinki zuwa kimanin milimita uku, a sa allura lamba 16, sannan a fara daga tsakiyar bargon ana nufar gefe. Sararin da ke tsakanin allura da ginshiƙin keke ƙarami ne, musamman a Featherweight, don haka babban bargo sai an naɗe rabinsa kamar tabarma kafin ya wuce, kuma mai keken hannu, wanda hannunsa ɗaya ke kan mariƙi, yana bukatar mataimaki da zai tallafe nauyin. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗinke bargon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da ninkinta uku, sannan a haɗa su a rufe mahaɗar da siririn ƙyalle. Mai koyo ya fara da bargon jariri ko shimfiɗar zama kafin ya tunkari na gado.

Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin da ke raba kekunan ɗinki ga mata da matasa a Kaduna suna da damar da ba sa amfani da ita sosai, domin keken da aka ba wanda bai san saka allura da zura zare da sa mai ba yakan ƙare a lungun ɗaki cikin 'yan watanni, ko a sayar da shi a rabin kuɗinsa. Ya kamata makon farko na kowane horo ya tafi a kan buɗe keke da share shi da gano dalilin tsallake, kafin a kai ga yanka riga, kuma ya kamata manyan teloli su riƙa ajiye wa yaran shagonsu ƙyallayen ɗinkin Sallah domin su koyi miƙar da layi a kansu, su haɗa bargunan da za a iya kaiwa kasuwa kafin hunturu ya shigo.